Thangtong Gyalpo

Thangtong Gyalpo malamin addinin Buddha ne ɗan yankin Tibet, maƙeri, magini kuma mai magani, wanda ya yi tashe a ƙarni na 15. An fi saninsa da gina gadoji masu lilo na sarƙar ƙarfe a kan manyan kogunan Tibet da Butan, domin masu tafiya a ƙafa su haye ruwa ba tare da sun shiga jirgin fito ba. Littafin tarihinsa ya ce ya gina gadojin ƙarfe 58 da na katako 60, ya kuma kafa wuraren fito 118. Mutanen Tibet suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya ƙirƙiro wasan kwaikwayonsu na gargajiya mai suna lhamo. Har yau akwai sarƙoƙin da ake dangantawa da shi a rataye a kan wasu koguna. Wadda baƙi suka fi ziyarta ita ce gadar Tachog da ke kwarin Paro a yammacin Butan.

Sunayensa

Thangtong Gyalpo laƙabi ne, ba sunan yanka ba. A harshen Tibet kalmar thang tana nufin fili, tong tana nufin wanda babu kowa a cikinsa, gyalpo kuma sarki. Ma'anar sunan ke nan sarkin filin da babu kowa. A rubutun Tibet akwai baƙaƙe da yawa da ake rubutawa amma ba a furta su, shi ya sa idan aka bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya sunan yakan fito thang stong rgyal po, idan kuma aka bi lafazi sai ya fito Thangtong Gyalpo ko Tangtong Gyelpo. Duka mutum ɗaya ake nufi.

Sunan da aka ba shi lokacin da ya shiga rayuwar zuhudu shi ne Tsondru Zangpo. Jama'a kuma sun fi kiransa Chakzampa: chak ƙarfe, zam gada, pa kuma ɗafi ne da ke nuna mai abu, kamar yadda Bahaushe zai ce mai gadar ƙarfe. Yana da wani laƙabin, Lungtong Nyonpa, wato mahaukacin kwarin da babu kowa. A al'adar Tibet wannan ba zagi ba ne. Haka ake kiran wasu malamai da suka bar zaman gidajen ibada suka shiga yawo, ba su damu da sutura ko girman sarakuna ba.

Haihuwa da karatu

An haife shi a Olba Lhatse, a yammacin lardin Tsang. Akwai ruwayoyi biyu game da shekarunsa. Ta farko ta ce an haife shi a 1361 ya rasu a 1485, wato ya yi shekara 125 a ƙirgen Tibet. Ta biyu ta ce an haife shi a 1385 ya rasu a 1464. Duka biyun sun haɗu a kan cewa manyan ayyukansa sun faɗo tsakanin shekarun 1430 da 1450.

Zamaninsa zamani ne da gidan sarautar Phagmodrupa ke mulkin tsakiyar Tibet, amma ƙarfinsa yana raguwa, hakimai da manyan gidajen ibada kowa yana riƙe da yankinsa. A wannan zamanin ne Tsongkhapa, wanda ya rasu a 1419, ya kafa ɗariƙar Gelug, almajirinsa Gendun Drub kuma ya gina gidan ibadar Tashilhunpo a 1447.

Thangtong Gyalpo bai tsaya ga ɗariƙa ɗaya ba. Malaman Sakya ne suka shigar da shi rayuwar zuhudu, ya yi karatu a hannun malaman Nyingma, ya kuma karɓi koyarwar Shangpa Kagyu, wadda daga baya aka lissafa shi cikin manyan masu isar da ita. Ya yi shekaru yana halwa a cikin duwatsu, ya yi tafiye-tafiye zuwa Nepal da Indiya. Mabiyansa sun ce ya zauna gaban malamai 500.

Mafi shaharar littafin tarihinsa shi ne wanda Lochen Gyurme Dechen ya kammala a 1609, fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa, bisa rubuce-rubucen almajiransa. Littafin ya cakuɗa abubuwan da suka faru da labaran karama. Akwai ma labarin baka da ke cewa ya yi shekara 60 a cikin mahaifiyarsa, aka haife shi da furfura. Masana tarihi suna ware irin waɗannan gefe guda, su dogara da abin da gine-gine da sarƙoƙin da suka rage suka tabbatar.

Matsalar haye kogi a Tibet

Tibet tudu ne mai tsayi ƙwarai. Birnin Lhasa kansa yana kan kimanin mita 3,650 daga doron teku. Kogin Yarlung Tsangpo, wanda idan ya shiga Indiya ake kiransa Brahmaputra, ya ratsa kudancin yankin daga yamma zuwa gabas, ya raba garuruwa da gonaki da wuraren ziyara. Da damina da lokacin narkewar ƙanƙara ruwansa yana cika, ya yi gudu, ga shi da sanyin da mutum ba zai daɗe a cikinsa ba.

Kafin gadojin ƙarfe, yawanci da jirgin fata ake fito. Ana ɗinka fatun yak, wato saniyar tsauni mai yawan gashi, a ja su a kan ƙirar itace. Irin wannan jirgi ba shi da nauyi, amma kifewarsa ba ta da wuya. Gadar katako ba ta iya kaiwa daga gaɓa zuwa gaɓa a babban kogi, ga kuma ƙarancin manyan bishiyoyi a tsakiyar Tibet. Saboda haka manomi da fatake da mai ziyarar ibada duk suna hannun masu fito, wanda ba shi da kuɗin fito kuwa sai ya zauna a gaɓa.

Littafin tarihinsa ya kawo cewa wata rana ya zo zai haye kogin Kyichu kusa da Lhasa, masu fito suka ga shigarsa ta tsumma suka raina shi, ɗayansu ya buge shi da filafili a ka, aka jefa shi cikin ruwa. Da ya tsira sai ya ƙudura cewa zai samar da hanyar hayewa wadda ba ta bambanta mai kuɗi da talaka. A fahimtarsa gina gada ibada ce, domin addinin Buddha yana kwatanta tsira da hayewa zuwa ɗaya gaɓar, shi kuma ya ɗauki wannan kwatanci ya mai da shi aikin hannu.

Neman ƙarfe da ƙira

Babbar wahalar aikin ita ce samun ƙarfe. Ya tafi Kongpo a kudu maso gabashin Tibet, ƙasa mai dazuzzuka da tama, inda ya zauna cikin mutanen yankin ya sami ƙarfe da maƙera. Ana narka tama da gawayi, a fitar da ƙarfen, a yi ta dukansa a kan uwar maƙera har ya zama sanda. Sai a lanƙwasa sandar ta zama zobe mai tsawo, a zura shi cikin na baya, a haɗa bakinsa da wuta da masaba. Tsawon kowane zobe ya kai kamar ƙafa ɗaya. Ana ƙera sarƙar guntu-guntu yadda mutum ko dabba za su iya ɗauka, a bi da ita ta hanyoyin duwatsu har bakin kogi, a can ne ake haɗa ta.

Ba shi da baitulmali, ba shi da sojoji. Da roƙo da wa'azi ya tara abin aikin. Sarakuna da hakimai sun ba da ƙarfe da hatsi da ma'aikata, talakawa sun ba da ƙarfinsu, ya kuma tara ɗaruruwan maƙera a wuraren aikinsa. Wannan ya ɗaga darajar sana'ar da a Tibet ake yi wa kallon ƙasƙanci.

A 1430 ya gina gadar ƙarfe a kan kogin Kyichu, wanda aka jefa shi a ciki. Ita ake lissafawa a matsayin gadarsa ta farko.

Yadda gadojin suke

A kowace gaɓa ana gina tudun dutse mai ƙarfi, a binne manyan gungume a cikinsa, a ɗaure bakin sarƙa a jikinsu. Nauyin gadar duka yana komawa kan waɗannan gine-gine biyu, babu ginshiƙi a inda ruwa ya fi ƙarfi. Wannan shi ne amfaninta a kogin da ambaliya ke tafiya da duk abin da aka kafa a cikinsa.

Gadojin iri biyu ne. A iri na farko ana miƙa sarƙoƙi biyu a jere, a rataya igiyoyi daga jikinsu, igiyoyin su riƙe siririn katakon da ake takawa. A iri na biyu ana shimfiɗa sarƙoƙi da yawa a ƙasa, a ɗora tabarmar gora a kansu, a ƙara wasu a gefe domin riƙewa. Kowane iri yana lotsawa a tsakiya, yana kuma lilo idan ana tafiya a kai ko iska ta taso. Ba a yi su domin keken doki ba. Na mutane ne da 'yan dabbobin kaya, su ma ɗaya bayan ɗaya. Igiya da katako da gora suna ruɓewa a sake su, sarƙar kuwa takan yi ɗaruruwan shekaru.

Ba shi ne ya fara gadar sarƙa a duniya ba, domin an san irinta a yammacin ƙasar Sin tun kafin zamaninsa. Abin da ya bambanta shi shi ne yawan gadojin da faɗin kogunan da ya ƙetare da su.

Gadar Chuwori

Mafi girman aikinsa ita ce gadar da ke gindin dutsen Chuwori, a kan Yarlung Tsangpo, kimanin kilomita 65 kudu maso yammacin Lhasa, a kan hanyar da ta haɗa birnin da Gyantse da Shigatse. An fara aikin a shekarun 1430, ya ɗauki shekaru da dama. An ƙiyasta tazarar tsakiyarta da kimanin mita 137. A Turai sai a 1820 aka buɗe gadar sarƙa mai irin wannan tazara, wato gadar Union a kan kogin Tweed tsakanin Ingila da Sikotland, sai gadar Menai ta 1826 mai mita 176. Sai dai waɗannan na Birtaniya masu shimfiɗaɗɗen bene ne da keken doki ke bi.

A bakin gadar ta kudu ya gina gidan ibadar Chakzam Chuwori, wanda ya zama cibiyar magadansa, su ne kuma masu kula da gadar. Lokacin da rundunar Birtaniya ƙarƙashin Francis Younghusband ta iso wurin a 1904, sarƙoƙin suna nan a rataye amma an daina bin gadar, an koma fito da jirgi. Wajen hayewar ne wani hafsan rundunar, Manjo Bretherton, ya nutse. An rushe gadar bayan da gwamnatin Sin ta karɓi iko da Tibet a shekarun 1950, aka kuma lalata gidan ibadar a lokacin Juyin Juya Halin Al'adu na 1966 zuwa 1976.

Aikinsa a Butan

Wajajen 1433 ya tsallaka tsaunukan Himalaya zuwa Butan, ƙasa mai tama da itacen gawayi. Ya sami karɓuwa a kwarin Paro, inda mutane suka taya shi ƙira, suka kuma yi dakon ƙarfe zuwa Tibet domin aikin Chuwori. A Paro ya gina Dumtseg Lhakhang, ɗakin ibada mai hawa uku da aka yi da siffar chorten, wato hasumiyar ibada ta mabiya Buddha. An gyara ginin a 1841, yana nan har yau.

Mutanen Butan suna danganta masa gadoji takwas a ƙasarsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta Chukha, wadda jakadan Kamfanin Gabashin Indiya, Samuel Turner, ya haye a 1783. Hotonta da Samuel Davis ya zana ya fito a littafin Turner na 1800, ta nan ne mutane da yawa a Turai suka ga yadda gadar sarƙa ta Himalaya take.

Gadar Tachog a yau

Gadar Tachog tana kan kogin Pa Chhu, a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Paro zuwa Thimphu, babban birnin Butan, kafin a kai mahaɗar koguna ta Chuzom. Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Paro ya nufi Thimphu zai hango ta daga cikin mota. A ƙetaren kogin, a kan wani ɗan tudu, akwai ɗakin ibadar Tachog Lhakhang. Sunan yana nufin doki nagari, saboda ruwayar da ta ce a nan ne Thangtong Gyalpo ya ga dokin Balaha a cikin halwarsa. Wani iyali da ke danganta kansa da zuriyarsa ne ke riƙe da wurin.

Ambaliya ta tafi da gadar asali a 1969. A 2005 aka sake gina ta da tsoffin sarƙoƙi, ciki har da waɗanda aka kwance daga gadar Doksum a gabashin ƙasar. Saboda haka gadar sabuwa ce, amma ƙarfenta tsoho ne. Akwai hasumiya farar ƙasa a kowane bakinta, an shimfiɗa ragar waya a kan sarƙoƙin, ta yadda mai kallo yana ganin ruwan yana gudu a ƙarƙashinsu. Tutocin addu'a masu launi biyar sun lulluɓe gefunanta. Kusa da ita akwai wata gada mai lilo ta zamani mai benen katako, wadda ake bi da dabbobi, mutane ma suna hayewa ta kanta su hau zuwa ɗakin ibadar. Kamar sauran wuraren ibada na Butan, ana cire takalmi kafin shiga, ba a ɗaukar hoto a ciki, idan kuma za a kewaya ginin ana barinsa ta hannun dama. Ana iya ganin wasu zobban sarƙarsa a gidan tarihi na ƙasa da ke Ta Dzong a Paro.

Sauran ayyukansa

A Chung Riwoche, a yammacin Tsang, ya gina gada a kan Yarlung Tsangpo, sannan tsakanin 1449 da 1456 ya gina babban chorten mai hawa da yawa, cike da ɗakuna masu zane a bango. A gabashin Tibet ana danganta masa kafa babban gidan ibadar Derge a shekarun 1440, garin da daga baya ya shahara da maɗaba'ar allunan katako da aka kafa a 1729.

Cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi akwai Chokyi Dronma, gimbiyar Gungthang da aka haifa a 1422, wadda ta bar gidan sarauta ta shiga zuhudu. Ta taimaka masa wajen tara ƙarfe da gudummawa. Bayan rasuwarta shi ne ya nuna yarinyar da mabiya suka yarda ita ce ta dawo, daga nan silsilar Samding Dorje Phagmo ta samo asali, wadda ita ce mafi shaharar silsilar malamai mata a Tibet.

An san shi da haɗa magunguna, musamman wasu ƙwayoyi biyu, fara da ja, na cututtukan annoba. Akwai addu'ar da ake cewa ya tsara lokacin da annoba ta faɗa wa garin Sakya, wadda mabiya addinin Buddha na Tibet suka yi ta karantawa a lokacin cutar korona a 2020. A kwarin Pin da ke Spiti a arewacin Indiya, masu wa'azin yawo da ake kira buchen suna yin bikin fasa dutse a kan cikin mutum, suna kuma cewa daga gare shi suka gada.

Wasan lhamo

Ruwayar baka ta ce da kuɗin aiki suka yanke masa, sai ya haɗa wasu 'yan'uwa mata bakwai suna waƙa da rawa gari-gari, shi yana kaɗa musu ganga, abin da aka samu a sayi ƙarfe. Masu kallo suka ce ai waɗannan alloli mata ne, daga nan sunan ache lhamo ya fito: ache babbar 'yar'uwa, lhamo allahiya. Wannan labari ya zo ne ta bakin masu wasan, ba ta tsoffin littattafan tarihinsa ba. Duk da haka 'yan wasan lhamo sun riƙe shi uban sana'arsu, sukan ajiye hotonsa ko mutum-mutuminsa a tsakiyar filin wasa. Ana yin wasan a bikin Shoton na Lhasa, ana kuma koyar da shi a cibiyar wasannin Tibet da aka kafa a Indiya a 1959. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009.

Rasuwa da abin da ya bari

Ya rasu a Riwoche. Ruwayoyi sun ce an ɓoye labarin rasuwarsa shekaru da dama, ɗansa Nyima Zangpo ya ci gaba da riƙe wurin. A zane da mutum-mutumi ana nuna shi dattijo mai jiki, mai farin gemu da farin gashi a ɗaure a tsakar ka, yana riƙe da guntun sarƙa a hannun dama. Da wannan sarƙar ake gane shi a cikin sauran malamai.

Yawancin gadojinsa sun tafi, wasu ta ambaliya, wasu da zuwan hanyoyin mota da gadojin kankare, wasu kuma a rushe-rushen ƙarni na 20. Bincike na zamani a kansa ya ƙaru a 2007, shekarar da Cyrus Stearns ya fitar da fassarar littafin Gyurme Dechen da Turanci, Bajamushe Manfred Gerner kuma ya wallafa nazarinsa a kan gadojin ta hannun Cibiyar Nazarin Butan. A ƙauyukan Nepal da Butan har yanzu gada mai lilo ce hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, manoma zuwa kasuwa, sai dai yanzu da igiyar waya ake yin ta maimakon sarƙar da aka ƙera da hannu.